Yadda za a zagaya Zariya a yini ɗaya da motar shata da wayar hannu

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya sha cin karo da irin bidiyon nan: wani ya sauka Jidda ko Dubai ko Legas, ya latsa waya ya karɓi motar haya, ya maƙala wayar a gefen sitiyari, kafin rana ta faɗi ya gama da bakin teku da kasuwa da tsohon gari. Zariya dai ba ta da teku. Ruwan da take taƙama da shi Kubanni ne da Galma, sai madatsar ruwan jami'a. Amma abin kallon da ke tsakanin Samaru da Sabon Gari da cikin birni ya ishi mutum yini guda cur, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da suka shekara huɗu ko biyar a Samaru sun kammala karatu sun tafi ba su taɓa taka ƙofar fada ba.

Abin da ke hana su sananne ne. Zariya a warwatse take. Daga babbar ƙofar jami'a zuwa fadar Sarki tafiya ce ta fiye da kilomita 15, kuma mai bin motar haya sai ya sauka ya sake hawa, ya bi da Keke Napep ko acaɓa. Idan aka haɗa da Wusasa, rabin yinin a jiran abin hawa zai ƙare. Mutum huɗu da suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota ɗaya, da waya ɗaya da aka shirya ta yadda ya kamata, za su iya ganin duk wuraren nan su koma gida kafin magariba. Idan kuma ba a shirya ba, yinin na iya ƙarewa da mataccen batir da rigima da direba a kan kuɗin mai.

Samun motar

A ƙasashen da ake ɗauko waɗancan bidiyoyin, kamfani ne ke ba da mota, ya riƙe kuɗin ajiya a katin banki, mutum ya tuƙa da kansa. A Zariya abin da aka saba shi ne shata: a ɗauki mota da direbanta na tsawon yini. Ana samun masu yi a tashoshin mota irin ta Kwangila, ko ta hannun wani da ya san wani, kuma hanya ta biyun ta fi kwanciyar hankali, domin direban da aka san gidansu ba zai ajiye mutane a Tudun Wada ya ce zai je ya dawo a neme shi a rasa ba. Manhajojin kiran mota irin su Bolt da inDrive an gina su ne don tafiya ɗaya, daga nan zuwa can. Ba su dace da yawon da za a tsaya wuri takwas ko tara ba.

Shata da direba ta ma fi wa baƙo. Direban gari ya san inda kasuwa ta cinye rabin titi, ya san lungun da taswira ke nuna shi kamar hanya alhali ko Keke da ƙyar yake wucewa. Wanda ya dage sai ya ari motar yayansa ko ta abokinsa ya tuƙa da kansa, to ya tabbatar lasisinsa bai mutu ba, takardun mota suna ciki, domin jami'an hukumar kiyaye haɗurra da na KASTLEA suna kan titunan nan. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida tun Janairun 2023. Takardun bogi sun yi yawa, amma ana iya sa lambar mota a shafin askniid.org a ga ko inshorar ta gaske ce. Minti ɗaya ya isa.

Ciniki kuwa, inda aka fi samun saɓani ke nan, kuma maganinsa yana cikin waya. Bayan an daidaita da baki, a rubuta wa direba saƙo a WhatsApp: ranar tafiya, ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a sallame shi, sunayen wuraren da za a je, jimillar kuɗi, wa zai sayi mai, da nawa za a ƙara idan aka wuce lokaci da awa ɗaya. Idan direban bai cika son karatu ba, a yi masa saƙon murya, shi ma ya amsa da muryarsa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Mutum biyu masu gaskiya ma kowa na iya tuna magana daban bayan an sha rana. A biya rabi da safe, rabi da yamma, kuma a ajiye hoton rasit idan ta OPay ko Moniepoint ko manhajar banki aka tura.

Batun mai ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 shi ne kashin bayan kowane ciniki. Ƙaramar mota irin Corolla ko Golf mai lafiya tana shan wajen lita 10 a kilomita 100 a cikin gari. Zagayen da za a bayyana a ƙasa, daga Samaru a koma Samaru, bai cika wuce kilomita 60 ba. Ke nan lita 6 zuwa 7, a ƙara biyu ko uku saboda na'urar sanyaya mota da tsayuwa a cunkoso. A ninka da farashin lita na ranar, an san abin da ake magana a kai. Kafin a tashi a ɗauki hoton allon gaban direba yadda lambar kilomita da allurar mai za su fito, da yamma a sake ɗauka. Idan motar aro ce babu direba, a zagaya ta da bidiyo ana nuna kowane ƙarzo da lotsawa, da fitilu da tayar safaya, don kada a ɗora wa mutum tsohon laifi.

Abin da za a yi wa waya tun daren jiya

Mutane da yawa suna zaton GPS da data yake aiki. Ba haka ba ne. Akwai wani ɗan guntun sashe a cikin waya da ke sauraren saƙon taurarin ɗan'adam masu shawagi a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko da lokacin da ya saki saƙonsa, waya ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta gane nisanta da shi. Idan ta samu taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa inda take. Wannan duk kyauta ne, ko layi babu a wayar zai yi. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kanta, wato tituna da sunayensu, da lissafin hanya, da labarin cunkoso. Data tana kuma taimaka wa waya ta kama taurarin da sauri, shi ya sa ɗigon shuɗin nan kan ɗan yi jinkirin daidaita idan an kashe ta.

Saboda haka a sauke taswirar a ajiye a waya. A Google Maps, a taɓa hoton mai asusu da ke sama a dama, a shiga “Offline maps”, a zaɓi “Select your own map”, sannan a ja akwatin har ya rufe daga Shika a arewa zuwa bayan Wusasa da Kofar Gayan a kudu. Manhajar za ta nuna girman abin da za a sauke kafin a amince. Ɗalibin da ke da damar intanet ɗin makaranta ko mai garaɓasar datar dare, lokacin yi ke nan. Taswirar da aka sauke tana ba da hanyar mota da muryar jagora ko babu sabis, amma ba ta nuna cunkoso, ba ta kuma lissafa hanyar mai tafiya a ƙasa. Mai son ƙari ya sauke Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke amfani da bayanan OpenStreetMap da masu sa kai ke zanawa. Wani lokaci ana samun lungu a ɗaya babu shi a ɗayar.

Sai neman wurare, kuma a nan Zariya tana da nata salo. Zazzagawa “Kofan Doka” suke cewa, ba “Kofar Doka” ba, kuma tunda mutanen gari ne ke sa sunaye a taswira, sau da yawa da harafin n za a tarar da su. Wani wurin ma da sunan Turanci kaɗai yake. Wanda ya rubuta suna bai fito ba, ya sauya r da n, ko ya nemi wata makaranta ko masallaci da ke kusa. Idan an samu wurin, a danna a riƙe yatsa har jan fil ya sauka, a ajiye shi a jeri guda mai suna, misali “Yawon Asabar”, a tura wa abokan tafiya. Kowane fil yana da gajeriyar lamba da ake kira Plus Code, haruffa da lambobi kaɗan da ke nuna wuri daidai ko ba shi da adireshi. Ga garin da kwatance yake “bayan gidan mai, kusa da mai shayi”, wannan lamba ba ƙaramin amfani gare ta ba.

Google Maps yana karɓar wurare har goma a tafiya ɗaya, har da inda aka tashi. Bayan an sa wuri na farko, a taɓa ɗigo ukun da ke sama a zaɓi “Add stop”, a yi ta ƙarawa. Sai dai manhajar ba ta jera su da kanta yadda tafiya za ta fi sauƙi. Yadda aka sa su haka za ta bi, ko da za a yi ta kai da kawowa a kan gadar Kubanni. Mutum ne zai ja su da yatsa ya daidaita. A kuma duba cewa alamar mota aka zaɓa. Tun 2019 Google ya sa wa Nijeriya tsarin hanyar babur, kuma idan aka bar shi a kai, zai tura mota inda acaɓa kaɗai ke iya kurɗawa.

Launin kore da ja da ke nuna cunkoso ma a san iyakarsa. Ba kyamara ce ke kallon titi ba. Google yana tattara saurin tafiyar wayoyin da ke kan hanyar ne, idan ya ga da yawansu suna jan ciki sai ya shafa ja. A babban titin Samaru zuwa PZ, inda wayoyi suke da yawa, abin yana kusa da gaskiya. A cikin unguwanni kuwa, taswira ba ta san an kafa rumfar ɗaurin aure an toshe layi ba. Idan direba ya ce kada a bi nan, shi za a bi. Matambayi ba ya ɓata, kuma dattijon da ke zaune a bakin shago ya fi tauraro sanin layinsu.

Caji da zafi

Jagorar taswira na cikin abubuwan da suka fi cin batir, domin allo a kunne yake da cikakken haske, GPS yana aiki, waya kuma tana ta neman sabis daga wannan turke zuwa wancan. A haɗa da ɗaukar bidiyo, wayar da aka cika da asuba tana iya yin ja kafin azahar.

Ramin USB da ke jikin rediyon tsofaffin motoci yaudara ce. Yawancinsu wat biyu da rabi suke bayarwa, abin da bai kai wanda wayar ke ci a lokacin ba, sai a ga alamar caji amma lamba tana sauka. Gara a sayi cajar da ake cusawa a ramin kunna sigari, mai wat 18 ko fiye, da igiya mai kyau. Fawa bank kuma a daina ɗaukar lambar da ke jikinsa a yadda take. Wanda aka rubuta wa 10,000mAh, a ƙarfin batirinsa na bolt 3.7 aka auna, kuma wajen ɗaga wutar zuwa abin da waya ke karɓa wani kaso yana tafiya a zafi. A aikace zai cika wayar Tecno ko Infinix ko Redmi mai 5,000mAh sau ɗaya da rabi ne, ko ƙasa da haka idan ya tsufa. Wanda kuma aka rubuta wa 50,000 amma nauyinsa bai kai na sabulun wanka ba, a bar wa mai shago kayansa.

Zafi ya fi komai illa. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. A watan Maris da Afrilu iskar Zariya kanta tana wuce wannan, balle bayan gilashin mota. Wayar da aka maƙala a gilashi tana caji tana jagora za ta rage haske da kanta, ta daina karɓar caji, wata ma ta mutu. A maƙala ta a bakin ramin iska, ko wanda ke zaune a gaba ya riƙe ta, a cire mata riga. Shi wannan na gaban shi ne mai taswira. Direba ba ya taɓa waya yana tuƙi. Laifi ne a doka, kuma a titin da babura ke fitowa ta ko'ina, daƙiƙa biyu sun isa.

Daga Samaru

A tashi da ƙarfe bakwai da rabi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoban 1962, ita ce wurin farawa, kuma safiya ce lokacinta, kafin rana ta yi zafi. Masu tsaro kan duba mota a ƙofa, don haka a riƙe katin shaida. Ginin majalisar jami'a da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim su kowa ke ɗauka a hoto, amma inda ya fi cancantar a ɓata lokaci shi ne filin mutum-mutumi na sashen zane-zane, inda ayyukan ɗalibai na shekaru masu yawa ke tsaye a ƙarƙashin bishiyoyi. A wannan harabar ce, tun tana kwalejin fasaha da kimiyya kafin ta zama jami'a, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa kaɗai ba. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, da madatsar ruwa a can bayan makaranta. Awa ɗaya da rabi ta isa, idan ba a biye wa masu son hoto a kowace bishiya ba.

Samaru ta girmi jami'ar a harkar bincike. Cibiyar binciken aikin gona da ke gefen titi ta faro ne tun 1922, kuma irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu suna da ya fara da SAM, kamar SAMMAZ da SAMNUT, daga sunan garin suka samo shi. Wannan a mota ma za a iya kallonsa a wuce.

A hanyar shiga gari za a wuce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964. Idan an yi sa'a a ga ƙananan jiragen ɗalibai suna sauka suna tashi. A kalla da ido. Mai ɗan jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ya bar shi a jaka, domin tayar da shi yana buƙatar izinin hukuma, kusa da filin jirgi kuwa haramun ne kai tsaye. Haka barikokin soja na Basawa da na Sabon Gari: ba a ɗaga waya a ƙofarsu, ko da hoton kai ne.

Sabon Gari

Bayan gadar Kwangila, inda babban titin Kaduna zuwa Kano ya ratsa, sai PZ, wadda ta ci sunan kamfanin Paterson Zochonis. Sabon Gari ɗiyar jirgin ƙasa ce. Layin dogo na Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 shi ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran sassa suka zauna a nan, bayan ganuwa. Daga Zariya aka ja wani siririn layi zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Kauran Namoda. Tsohuwar tashar da gidajen ma'aikatan reluwe da manyan ɗakunan ajiyar auduga da gyaɗa suna nan, wasu sun tsufa ƙwarai. A nemi izinin ma'aikatan da ke wurin kafin a shiga ɗaukar hoto.

Kasuwar Sabon Gari ba wurin shiga da mota ba ce. A bar direba inda ya samu wurin tsayawa, a sa fil a daidai wurin kafin a sauka, domin bayan an kurɗa layi biyar kowace ƙofa kama da 'yar'uwarta take. Waya a aljihun gaba. Nan ne kuma wurin cin abinci da sayen igiyar caji idan an manto, da cirar 'yan canji a wurin mai POS, saboda mai rake da yaron da ya nuna hanya ba tiransifa za a yi musu ba.

Tudun Wada da cikin birni

Ana haye Kubanni an shiga Tudun Wada. A titin Gaskiya akwai wurare biyu da duk mai karanta Hausa ya kamata ya gani ko daga waje ne. Ɗaya kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, inda Abubakar Imam ya yi aikin edita. Ɗaya kuma kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921, ta koma Kaduna, sannan ta zauna a Zariya a 1949. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta cikinta.

Daga nan sai Kofar Doka, a shiga birni. Sauran ƙofofin, irin su Kofar Gayan da Kofar Kona da Kofar Jatau da Kofar Kuyambana, ba za a iya bin su duka a yini ɗaya ba, kuma ganuwar kanta ta zaizaye a wurare da yawa, gidaje sun hau wani sashen. Ɗaya ko biyu sun wadatar. A yi ƙoƙari a isa fada wajen azahar, a yi salla a can.

Ƙofar fadar Zazzau da zanenta masu launi ita ce hoton da aka fi sanin garin da shi. Fada ba gidan kallo ba ce, gidan sarauta ne mai aiki, inda Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli yake zaune tun da ya gaji marigayi Shehu Idris a 2020. A gaida dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tambaya kafin a ɗaga waya, a kuma sa tufafin mutunci. Kusa da ita ne babban masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, ginin da masana gine-gine na duniya suka yi ta rubutu a kan bakan gizonsa. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, daga nan aka shiga aikin sake gina shi. Hotunan da ke intanet yawanci na kafin wannan ne, don haka kada a je da tsammanin ganin abin da ke cikinsu.

Ranar Juma'a ba ranar wannan yawo ba ce, domin ana rufe hanyoyin da ke kewayen masallatai tun kafin ƙarfe ɗaya. Kwanakin hawan Salla da hawan Bariki da hawan Daushe kuwa kallo ne na musamman, amma na mai tafiya a ƙasa. Mota ba za ta motsa ba. Asabar ta fi.

Wusasa da Kufena

Bayan la'asar a fita ta yammacin birni zuwa Wusasa. Cocin Saint Bartholomew, da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa lokacin da mishan ɗin su Dakta Walter Miller ya taso daga cikin birni, yana nan har yau, kuma a wannan unguwa Gowon ya tashi. Bayanta dutsen Kufena ne, ɗaya daga cikin tsoffin mazaunin Zazzagawa kafin birnin yanzu. Hasken yamma yana yi wa dutsen kyau, kuma daga sama ana hango garin a shimfiɗe.

Sai dai nan bayan gari ne, kuma gefunan Zariya sun fuskanci matsalar masu garkuwa da mutane a shekarun baya. A tambayi mutanen Wusasa halin da ake ciki a ranar, a hau da ɗan gari, idan suka ce a bari a bari. Turunku, da ake dangantawa da Sarauniya Amina, tana can ƙaramar hukumar Igabi, ba ta cikin lissafin yini ɗaya.

Tun da safe ya kamata ɗaya daga cikin matafiyan ya tura wa wani na gida lambar motar da hoton direba, ya kuma kunna masa “Live location” a WhatsApp. Zaɓi uku ne, minti 15 ko awa 1 ko awa 8. A zaɓi na awa takwas, a tuna cewa wanda aka kunna ƙarfe takwas na safe zai mutu ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da ake nufar Kufena, don haka a sabunta shi. Wannan yana buƙatar data, ba kamar taswirar da aka sauke ba, shi ya sa yake da kyau a samu layukan kamfani biyu daban a cikin motar. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. Hotuna kuwa a bari sai an koma gida a ɗora su. Mai sa hoto a “status” yana tsaye a wurin, yana sanar da duk masu kallon “status” ɗinsa inda yake ne a wannan lokacin.

A sauko kafin ƙarfe biyar da rabi. Daga Wusasa a fita Danmagaji a hau babban titi zuwa Kwangila, a karya hagu a nufi Samaru, ba sai an sake ratsa cikin gari ba. Idan damina ce, musamman Agusta, a rage awa ɗaya a komai, saboda hadarin yamma da santsin dutse.

A inda za a rabu, a ɗauki hoton lambar kilomita a cire ta safe daga ciki. Wanda ya kunna “Timeline” a Google Maps zai ga hanyar da aka bi da tsawonta da lokacin da aka tsaya a kowane wuri, ya gwada da na motar. A duba ƙarƙashin kujeru da aljihun ƙofa saboda caja da fawa bank, a biya direba ragowar kuɗinsa a gabansa, a jira ya ga saƙon shigarsu kafin a sauka.